Motar da Na Mayar wa da Beli

Kwanan baya ina zaune a kan benci a garejin da na bar wa ɗan ƙanena nan Konni, sai na ji wani saurayi yana cewa gugar cikin bututun hayaƙi ba sana'a ba ce, shara ce. Wai ka zura injin guga ka danna, kafin shayi ya tafasa ka gama. Yatsunsa kawai na duba. Sumul suke kamar na mai sayar da turare. To, tun da na lura yawancinku haka kuke ɗaukar abin, bari in ba ku labarin yadda muka yi shi a shekarun tamanin, lokacin da babu injin da za ka danna.

Da farko ku san abin da ake magana a kai. Injin ƙaramar mota yana da ɗaki huɗu inda mai yake ƙonewa, kowane ɗaki da ƙofar da hayaƙinsa ke fita. Daga kowace ƙofa bututu ya taso, su huɗun su lanƙwaso su haɗu wuri ɗaya, sannan hayaƙin ya bi dogon bututu ya ratsa salansa, wato tukunyar da ke rage ƙara, ya fita ta baya. Wannan mai rassa huɗu shi muke ce wa kolakta. Direbobin da ke shiga Najeriya manifol suke cewa. Wanda mota ke zuwa da shi tun daga asali na zubi ne, ƙarfe irin na tukunya. Zafi da gargadar hanyoyinmu suna tsaga shi, in kuwa ya tsage ba ya jin walda, ka liƙe yau, jibi ya buɗe a gefen liƙin. Don haka sai mu ƙera wani da bututu. Mu yanka, mu ɗura busasshen yashi a ciki mu toshe baki biyu, mu gasa ya yi ja mu lanƙwasa, mu zazzage yashin, sannan mu haɗa gaɓa da gaɓa da walda.

A nan nawa aikin yake farawa. Mai walda daga waje yake aiki, wajen kuma yake gani. Amma narkakken ƙarfe ba ya tsayawa inda aka ajiye shi, yana zurarawa ciki ya daskare. Wani ya zama ƙuraje, wani ya zama zobe kewaye da gaɓar, wani ya ratayo. Daga waje ka ga aiki kamar zanen ƙwarya, ciki kuwa hayaƙi yana ta tuntuɓe. Hayaƙin da bai samu hanya ba yakan koma ɗakin ya tare wurin sabon mai. Sai mota ta yi nauyi, ta yi zafi, ta riƙa shan mai, direba ya yi ta zagin kabireta alhali ba ruwanta.

Maigidan da na koya a wurinsa Baba Nomau ne, ɗan maƙeran Tsarnawa da ya bar zugazugi ya kama walda da wutar karbi, dutsen nan da ake jiƙawa ya ba da iska mai kama wuta. Shi ya raɗa wa ɗigon da ke ratayowa a maƙogwaron bututu suna beli, irin wanda wanzami ke cire wa jariri. Ƙananan da ke manne a jiki kuma ya ce kaska. Ba za ku ji waɗannan sunaye a wani gareji ba, namu ne. In baƙo ya tambaye shi sana'arsa, sai ya ce shi wanzamin mota ne.

Da na zo wurinsa bai ba ni wuta ba, bai ba ni guduma ba. Guntun bututu ya miƙo mini da ɓallin madubin babur da aka ɗaure a bakin waya. Ya nuna mini yadda zan juya wa rana baya, in kamo haskenta da madubin in jefa cikin bututun.

“Leƙa. Mi kag gani?”

Na ce, “Duhu, Baba.”

“To ci gaba da leƙe har duhun shi saba da kai.”

Damina ta zo ta wuce ina leƙe. Sai daga baya ya ba ni magagari. Magagarin wannan aiki ba mai faɗi ba ne, siriri ne mai zagaye, wanda ake ce wa wutsiyar kusu. Muna da su miƙaƙƙu, muna da waɗanda Baba Nomau ya gasa ya lanƙwasa ya sake shayar da su, don su bi kwanar bututu. Akwai kurfi mai dogon wuya na ɓalle kaska. Akwai sanfefa da muke naɗewa a bakin tsagaggen ƙarfe. Inda waɗannan suka kasa kaiwa, muna da tsohuwar igiyar kanta, wato ta agogon gudun mota, mu ɗaura mata sanfefa a kai, mu sa gindinta a abin huda na hannu, ɗaya yana juyawa ɗaya yana bi da ita. Kusa da eto, wato ƙarfen da ke cije aiki, akwai maganaɗisun tsohuwar rediyo rataye. Na ciro garin ƙarfe ne daga ido, kuma ba ya yin mako bai yi aiki ba.

Wata motar albasa daga wajen Malbaza ce ta koya mini inda ake tsayawa. An ƙera mata kolakta a wani wuri, mai aikin ya goge ciki har yana sheƙi, direba yana ta yabo. Da ta hau gargada da kaya sai gaɓar ta rabu biyu. Baba Nomau ya ɗaga ɓallin ya nuna mini bakinsa, ya yi siriri kamar ganyen albasar da ta ɗauko. Waldar da ta ratso ciki ita ce ƙarfin gaɓa. In ka bar ta da yawa ta shaƙe mota, in ka cinye ta duka gaɓa ta mutu. Abin da ake so ta kwanta daidai da jikin bututu, ba tudu ba rami. Injin da kuke dannawa bai san wannan ba, ci kawai ya sani.

Alƙalin aikin yatsa ne, inda yatsa ke kaiwa. Can ciki kuwa auduga. Mukan ɗaura curin auduga a zare mu ja ta daga wannan baki zuwa wancan, sannan mu haska madubi. Duk inda gashinta ya maƙale, akwai saura. In ta fito yadda ta shiga, an gama. Yatsun nan nawa da kuke gani kamar an sassaƙa, kaska ce ta yi su haka.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai 'yan fasa-ƙwauri, su gudu suke so, ba sa ciniki kuma ba sa hira. Akwai ma'aikacin buro, wato ofis, da zai tsaya a kanka da farar riga yana tambayar me ya sa bai ga abin da ka yi ba, tun da duk aikin a ciki yake. Akwai samarin da ke zaton ƙara ita ce ƙarfi, su ce a huda salansa. Irin waɗannan Baba Nomau yakan nuna musu gareji na gaba.

Sai shekarar farin nan ta zo, wadda aka haɗa mana da rufe iyakar Najeriya. Ku da ba ku gani ba, ba zan tsaya kwatanta muku yunwa ba, abin da ya shafi gareji zan faɗa. Karbi, da kwalbar iska, da sandar walda, da sanfefa, duk daga wancan gefen suke zuwa, duk suka yanke. Muka koma narka wayar shinge da silin keke. Bututu kuwa har ƙafar gadon ƙarfe mun yanka. Gidaje da yawa, abin da ya riƙe su shi ne 'yan kayan da ke ƙetarowa a bayan jaki: garin rogo, kananzir, sabulu. Kowace mace mai zuwa kasuwa, ban da abin da ke saman ƙwaryarta, akwai wani ɗan abu a ƙasa. Motar da ke yawo a daji a lokacin, in ba ta 'yan fasa-ƙwauri ba ce, to ta duwan ce, wato kwastan, da ke neman su. Dukansu masu lafiyayyen inji ne. Mutanen ƙauye suka koyi saurare. In sun ji inji yana tafiya sumul da ƙarfi, sai kowa ya san inda ya sa kansa da kayansa.

A cikin wannan hali Shaibu ya kawo motarsa. Sa'ana ne, mutumin wajen Dogarawa, yana da tsohuwar bashe, wato a-kori-kura mai rumfar tamfol. Layinsa ba kwalta ba ne. Da sassafe yakan bi hanyar daji ta tungaye da rugage ya kwaso mutane, ran kasuwar Konni ya kawo su nan, ran kasuwar Illelarmu ta arewa ya kai su can. Shi ke nan abincinsa, ba gona ba shago. Motar tana da suna a tasha: Mai Hito. In tana tsaye ko tana gangara ba ka jin komai. Amma da ta ɗauki kaya ta fuskanci tudu ko yashi, sai ta saki wani siririn fito mai tsawo, wanda ke ratsa daji ya yi nisa fiye da busar odar mota. 'Yan tasha suka mai da ita abin ba'a. Kolaktarta ta taɓa tsagewa a hanyar Tawa, wani mai walda na bakin hanya ya ƙera mata wata, tun ranar take wannan kuka.

Ya ce, “Isaka, motag ga ta gajisshe ni. Ko ɗan tudu tag gani sai ta kama kuka. In mun kai yashin kwari sai na ce kowa shi sauka shi tura. Mutanen da ba su ci sun ƙoshi ba, ina ƙarhin turi? Ga mai ya yi wuya, ita ko sha takai awa raƙumi.”

Na duba kabireta lafiya, na duba wuta lafiya. Na ce masa abin yana maƙogwaro, kuma in na taɓa maƙogwaron fiton zai tafi.

“Shi tahi mana,” in ji shi. “Hito ba shi kai ni Konni.”

Ku riƙe wannan maganar, shi ya faɗe ta da bakinsa.

Na kwance kolaktar na ɗaure a eto. Daga waje ma aikin ba ya kyan gani, amma da na jefa haske ciki sai da na kira Baba Nomau. Kowane reshe da zobensa, kaska kamar a kunnen kare. A mahaɗar, inda hayaƙi huɗu ke gamuwa, ga wani beli ya ratayo kamar babban yatsa, mai faɗi, da 'yar ƙofa a tsakiyarsa inda ƙarfen ya yi kumfa ya fashe. Ya tare kusan rabin hanya. Tsoho ya daɗe yana leƙe, ya ce, “Wanga ba beli ba na, sarewa ta.”

Kurfi bai kai wurin ba. Da zan iya yanka taga a jikin mahaɗar in ɓalle shi, amma rufe tagar wata waldar ce, da tata kaskar, ga karbi ya yi wuya. Sai na bi shi da lanƙwasasshen magagari, ta bakin reshe na uku, ina ci kaɗan-kaɗan, ina juya kolaktar ina kaɗe gari. Hannu ba ya ganin abin da yake ci, ji yake yi: in magagari na kan beli yana kartar ƙarfe mai tauri, in ya zame kan bututu sai karta ta yi laushi, sai ka janye. Haka na cinye shi har ya zama gari a ƙasan eto. Na bi zobban ɗaya bayan ɗaya. Na shafa baƙin tukunya a bakin injin na manna kolaktar, na ga inda bakunan suka saɓa, na daidaita su. Ranar da na ja auduga, ta kowane reshe ta fito fara tas. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, kuma ban sake ba.

Muka ɗaura. Shaibu ya cika bayan motar da 'yan tasha, muka nufi tudun da ke bayan gari. Ta haye shi ba ta nemi canjin giya ba. Ba fito, ba tari, sai wani gurnani mai taushi. 'Yan tasha suna ta buga jikinta suna ihu, wani ya ce ta koma kamar motar kumandan. Shaibu ya yi ta dariya har da hawaye.

Ran kasuwa ta gaba ya shigo tasha da wuri, da mutum biyu da akuya. Muka ce shekara ce, ba abin sayarwa. Ta gaba ma haka. Bayan ita sai ga shi a gareji da la'asar, ya zauna a bencin nan bai ko yi sallama da kyau ba.

“Isaka, mutanena sun ɓace.”

Na ce, “Sun yi ƙaura?”

“Suna nan. Gudu na sukai. In na kai inda suka jira na, ba kowa. Nab busa oda, sai nig hangi wata mata ta ruga cikin sabara da ƙwarya bisa kai. Sun ɗauka motad duwan ta.”

Na ce to ya tsaya ya nuna musu fuskarsa mana. Ya ce ya yi, a tungayen da ke bakin hanya. Amma yawancin masu shiga motarsa ba a bakin hanya suke ba. Rugagen suna can bayan tudu, kuma bana ba sa kwana da yawa wuri ɗaya, suna bin ɗan abin da dabba za ta ci. Shi kansa bai san inda suke ba, su ne suka san inda yake, ta fiton. Waɗanda suka gan shi kuma suka ƙara masa wata. Wai motar talaka ba ta samun irin wannan murya a shekara irin wannan, sai in mai ita yana cin abinci da masu kaki. Wasu har sun fara tafiya da ƙafa zuwa kwalta a Tsarnawa su jira babbar mota. In suka saba da haka, layin Shaibu ya mutu, shi da iyalinsa kuma ba su da wani.

Na ce masa ni dai aikina ba shi da aibi. Ya ce shi ma bai ce yana da shi ba. Ya tashi ya tafi.

Ran kasuwar da ta zagayo ya dawo, ba shi kaɗai ba. Ya zo da wata dattijuwar Bafillatana, Inna Hajo, wadda tun da ya fara layin take shiga motarsa da nono da man shanu. Ya tsince ta ne a kasuwa, ta tako tun asuba har kwalta, kafin ta iso nonon ya tsinke da zafi, na 'yan shanun da suka rage mata ke nan kuma. Ta ajiye ƙwarya a kan tayar da muke zama, ta dube ni sama da ƙasa.

“Kai na maƙerin da yac cire ma motarmu murya?”

Na ce, “Inna, gyara niy yi. Yanzu ba a turi.”

“Wa yak kawo maka ƙarar turi? Turi mun saba da shi. Mu tura ta, ta kai mu. Da can tun muna tatsa muka jin ta bisa tudu na hwarko, mu san muna da lokacin ruhe ƙwarya. In ta yi na biyu, mu kama hanya. In ta yi hito, mu hito. Yanzu ba hito, ba hitowa. Sallamatta ta kac cire, ɗan nan. Mota ta taho maka cikin daji ba sallama, kai ka tsaya?”

Baba Nomau yana gefe yana tauna goro, ya ƙyalƙyale da dariya har ya sarƙe. Ni ban yi dariya ba.

Na nemi hanyar da za a samu biyun. Na ce zan sa mata abin fito a can ƙarshen bututu, bayan salansa, inda ba zai shaƙe ta ba. Na haɗa wasu zobban ƙarfe biyu na liƙa. Aka tayar, ta kama fito tun tana tsaye, siriri kamar na butar shayi, ba tsayawa. Inna Hajo ta toshe kunne.

“Wagga ba ta da kunya. Tamu ba ta magana sai ta wahala.”

Gaskiyarta. Fiton Mai Hito daga mahaɗa yake, inda hayaƙi huɗu ke turo juna, kuma sai inji ya ji nauyi suke da ƙarfin busa ƙofar nan. Ba wurin da zai yi sai inda na cire shi. Na gaya wa Shaibu a fili: in na mayar da beli, ƙarfin da ya samu rabinsa zai tafi, yashin kwari kuma sai da turi. Ya dubi motar, ya dubi tsohuwar, ya ce, “Mota mai ƙarhi da ba kowa ciki, mi za ni yi da ita? Maida.”

Karbin da ya rage mana 'yan dunƙule ne a ƙasan gwangwani, Baba Nomau yana ɓoyonsu don aikin da ba makawa. Ya tashi da kansa ya ɗauko.

Na yanka taga a mahaɗar da na goge da hannuna. Na kunna wuta na kawo waya, ina son ƙarfe ya narke ya zuraro ya ratayo. Ya ƙi. Shekara da shekaru ana koya wa hannun nan kada ya bar ɗigo, duk lokacin da ƙarfe ya fara nauyi sai hannun ya janye wutar da kansa, waldar ta kwanta lafiya lau. Na sake, ta sake kwantawa. Karbi yana ci, gumi yana zuba mini. Ashe ɓarna ma sai wanda ya iya.

Baba Nomau ya ce, “Ba hannun hagu wutar. Shi bai yi makaranta ba.”

Na sauya hannu. Wutar ta yi ta rawa, ƙarfe ya narke fiye da kima, ya taru, ya zuraro, ya tsaya a rataye, mummuna kamar na farko. Tun yana ja na soka masa silin keke na huda ƙofa. Na ɗan ɗame tagar ba tare da na rufe ta duka ba, muka ɗaura, muka kwashi 'yan tasha zuwa tudu. Inna Hajo muka ajiye ta nesa a gindin wata bagaruwa. Ita ta ce a bar ta can, ta kuma juya mana baya, wai ba da ido ta san motar ba.

Hawan farko, ba fito sai huci. Muka koma, na buɗe, na rage ƙofar. Na biyu ta yi wani tsiwa kamar kukan shirwa, tsohuwa ko motsi ba ta yi ba. Haka muka yi ta kai da kawowa, kwancewa da ɗaurawa, ƙarfe da zafi, 'yan tasha sun fara gajiya da ba'ar ma. Na tuna belin farko yana da faɗi, kuma ya ɗan karkata wajen reshe na uku, don ta nan magagarina ya fi samunsa. Wutar ta fara ja, alamar karbi ya kusa ƙarewa. Na ƙara masa ƙarfe a gefe, na kwantar da shi kaɗan da bakin kurfi, na rufe tagar gaba ɗaya, don ko ya yi ko bai yi ba, babu wutar sake buɗewa.

Shaibu ya sa giya ya fuskanci tudun. Ta kai tsakiya ta yi nauyi, kamar yadda na san za ta yi. Sai ga fiton ya taso, dogo, da ɗan kauri a ƙasansa. Can gindin bagaruwa tsohuwa ta miƙe tsaye, ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta nufi hanya ba ta ko waiwayo ba tukuna. Da muka tsaya kusa da ita ta ce, “Ta yi mura. Amma ita ta.”

Ran kasuwar da ta biyo, rana ta yi sama sosai Shaibu bai iso ba. Ina cikin aiki na jiyo fiton daga nesa. Ta shigo tasha tana rangaji, tamfol ya kumbura da kaya, mata a ciki, maza a rataye a baya da yashi har gwiwa. Sun yi turi ke nan. Inna Hajo ta aiko mini da curin man shanu a ganye, da saƙon wai na gyara ɓarnar da na yi. Baba Nomau ya karɓi man, ya ce tun da aka fara wanzanci ba a taɓa jin wanda ya mayar wa yaro beli ba sai ni, don haka man na maigida ne.

Ban ji daɗi ba, kuma ba zan ce muku na ji ba. Aikin da ya fi kowane kyau a hannuna bai yi wata guda a duniya ba. Duk ranar kasuwa in na ji fiton nan, na san hayaƙi ne ke tuntuɓe a kan abin da na liƙa da hannun hagu. Amma layin Shaibu ya tsaya, ya fita shekarar da iyalinsa, mutanen dajin nan kuma ba su ƙara taka wa kwalta da nono a ka ba. Tun daga lokacin, kafin in zura magagari a kowace mota, nakan tambayi mai ita wa da wa ya san kukanta.

Mai Hito ta yi ta aiki har cikin shekarun casa'in, an buɗe iyaka tuni, ba mai gudun ƙarar inji kuma. Baba Nomau ya riga ya rasu lokacin da gindinta ya ruɓe aka kwance ta. Shaibu ya samo wata daga Kwatano, mai tsabta, kolaktarta ta asali ko tsatsa babu. Ya kawo ta gareji ya buɗe mini gaba. Na saurari injin, na leƙa ko'ina, na ce masa wannan ba abin da take nema wurina.

Ya ce, “Akwai. Ba ta iya sallama ba.”

Na aika a sayo bututu, na kunna wuta, na ba hannun hagu.